Jinina ya ɗauke, zafi da gumi sun hana ni barci: in sha maganin da ƙanwata ta faɗa?

Wannan saƙon murya ne daga wata baiwar Allah a wani ƙauye da ke yankin Ringim, jihar Jigawa. Na taƙaita shi, na cire abin da zai sa a gane ta.

"Assalamu alaikum Malama. Shekaruna 49, haihuwata tara, bakwai na raye. Rabona da al'ada wata goma sha huɗu ke nan. Tun kafin ta ɗauke wani zafi ke taso min daga ƙirji ya hau wuya da fuska, gumi ya karyo min ko da hunturu ne. Da dare sai na tashi na sauya zani. Barci ya gagara, abu kaɗan sai faɗa, jikokina har sun fara gudun ɗakina. An yi min allurar maleriya da ta taifot a kemis har na gaji. Yayar maigida ta ce iska ce, an yi min hayaƙi da rubutu. Abin da ya fi damuna kuma ban iya faɗa wa kowa ba, ranar girkina ta zame min azaba, gabana ya bushe, zafi nake ji sosai. Maigida gani yake tunda ya yi amarya nake ƙinsa. Ƙanwata da ke aure a Kano ta ce akwai maganin da ake ba mata a asibiti, wai HRT, in sa a sayo min. Maƙwabciyata kuma ta ce ta ji a waya yana sa sankarar mama. Ina da hawan jini, ina shan magani in na samu. In sha ko kada in sha?"

Wa alaikumus salam Yaya. Sannu da jiki, Allah ya sa kaffara ne.

Maganin da ƙanwarki ta faɗa, HRT, wato mayar wa jiki sinadarin mata da ya ragu, gaskiya ne, yana aiki, kuma bisa abin da kika bayyana kina cikin matan da ake iya ba su shi. Sai dai ba irin maganin da ake aiken yaro kemis ya sayo ba ne. Akwai kuma magana ɗaya a saƙonki da ta fi tsaya min a rai, wato "ina shan magani in na samu". Za mu zo kanta.

A gefen mahaifar kowace mace akwai jakunkunan ƙwai guda biyu. Ban da ƙwan haihuwa, su ne ke fitar da sinadarai biyun da ke tafiyar da al'ada, istirojin da furojestaron. In mace ta doshi hamsin sai ƙwan ya ƙare, sinadaran su ja baya, al'ada ta fara wasa, wannan watan ta zo, ta yi wata uku babu labari, har ta ɗauke. In aka cika wata 12 cur ba a ga jini ba, ta tafi ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata tsakanin shekara 45 da 55 abin ke samunsu, don haka a kan lokacinki kike. Alƙur'ani ma ya ambaci wannan matakin a Suratut Ɗalaƙ aya ta 4, inda aka yi bayanin iddar matan da suka yanke tsammanin haila. Ba hannun kowa a ciki, ba iska ba ce, ba sammu ba ne.

Zafin kuwa daga ƙwaƙwalwa yake. Akwai wurin da ke daidaita ɗumin jiki, ya saba aiki da istirojin. Da sinadarin ya ragu sai wurin ya rikice, ɗan ɗumi kaɗan ya ɗauka jiki ya ɗau zafi, ya buɗe jijiyoyin jinin fata, ya saki gumi. Shi ya sa yake taso miki daga ƙirji zuwa fuska, ya yi 'yan mintoci ya wuce, wani sa'in ya bar ki da faɗuwar gaba da jin sanyi. Zazzaɓin cizon sauro ba ya zuwa ya tafi cikin minti biyar, ya sake dawowa bayan azahar. Ina jin takaicin kuɗin da matan karkara ke zubarwa a allurar maleriya da taifot a waɗannan shekarun, ga gwajin taifot ɗin nan na gaggawa da sau da yawa yake nuna akwai ciwo alhali babu. Addu'a da rubutu ban ce ki bari ba. Hayaƙin dai ki hutar da ƙirjinki.

Za ki ji ana cewa ki yi haƙuri, zai wuce. Yana wucewa, amma ba da wuri ba. Wani dogon bincike da aka yi a Amurka, aka fitar da sakamakonsa a 2015, ya nuna cewa matan da zafin ke yawan taso musu sukan yi fiye da shekara 7 suna fama, baƙaƙen mata ma kimanin shekara 10. Wanda ya ce ki yi shekara goma ba barci ki kira shi haƙuri, bai kwana a jiƙe ba ne.

Amma kada a ɗora wa ɗaukewar al'ada komai. Gumin dare yana cikin alamomin tarin fuka, musamman in akwai tarin da ya wuce mako biyu, ko rama, ko rashin son abinci, kuma gwajinsa da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Ciwon sukari, ƙarancin jini, da ciwon maƙoƙo irin mai sa rama da rawar hannu da bugun zuciya, duk suna iya yin kama da wannan. Macen da ta haura 45 da irin alamominki ba ta buƙatar gwajin sinadari mai tsada kafin a gane abin da ke damunta, labarinta ya isa. Waɗancan ɗin ne ake dubawa don kada a yi kitso da ƙwarƙwata.

Shi HRT, istirojin ɗin da jiki ya daina yi ne ake mayar masa kaɗan, daidai yadda zafin zai lafa. Akwai na ƙwaya, akwai filasta da ake mannawa a cinya ko ƙasan cibiya a sauya sau ɗaya ko biyu a mako, akwai na shafawa a dantse ko cinya kullum. A duk magungunan da aka gwada babu wanda ya kai shi kwantar da zafi da gumin nan, yana rage yawan tasowarsu da kusan kashi 75 cikin 100. Mata da yawa cikin 'yan makonni suke jin bambanci, zuwa wata uku kuma an ga iyakar aikinsa. In barci ya dawo za ki ga faɗan ma ya ragu, don mai kwana ido biyu ko kaza ce ta shigo ɗaki sai ta ji haushi. Yana kuma kare ƙashi. Bayan ɗaukewar al'ada ƙashin mace yana saurin zaizayewa ba tare da ta ji komai ba, shi ya sa tsohuwa za ta ɗan zame a bakin rijiya a ce ƙugu ya karye.

Ba ya dawo da haihuwa, ba ya mai da tsohuwa yarinya, ba ya kuma hana ɗaukar ciki. Tunda ba ki cika 50 ba, shawarar likitoci ita ce a ci gaba da kiyaye ɗaukar ciki har shekara biyu daga jinin ƙarshe. Wadda ta haura 50 shekara ɗaya ta ishe ta.

Ga dalilin da ya sa na ce ba na aike ba ne. Istirojin shi ke gina shimfiɗar cikin mahaifa, kamar mai yaɓen ɗaki da ke ta ɗora laka, furojestaron kuma shi ne mai ce masa ya isa haka. Macen da mahaifarta ke nan, in ta yi ta shan istirojin shi kaɗai, shimfiɗar za ta yi ta kauri ba mai tsayar da ita, ƙarshen wannan kaurin kuma yana iya zama sankarar mahaifa. Tun a shekarun 1970 aka gano haka. Saboda haka mai mahaifa sinadari biyu ake ba ta, wadda aka yi wa aiki aka cire mahaifar ita ce ke shan istirojin zalla. Progynova, alal misali, istirojin ne zalla. Yaron kemis zai miƙo miki shi da zuciya ɗaya, ba zai tambaye ki ko an taɓa yi miki aiki ba, don shi ma bai san akwai abin tambaya ba. Primolut N da mata suka sani, wanda ake sha a tsayar da jini lokacin aikin Hajji ko goman ƙarshe na azumi, ɓangare ɗaya ne kawai, ba shi ne HRT ba. Ƙwayoyin tazarar haihuwa masu sinadari biyu kuma akwai istirojin a cikinsu, amma mai ƙarfi ne ƙwarai, mai hawan jini a shekarunki ba ta da haɗi da su.

Wadda al'adarta ke zuwa tana ɗaukewa, tsarin da za ta riƙa ganin jini duk wata ake ba ta. Ke da kika wuce shekara ana iya ba ki wanda ake shan biyun kullum ba hutu, ba a ganin jini sai ɗan ɗigo a watanni uku zuwa shida na farko. Ko wannan ɗigon yana hana salla, tambayar malamai ce, ki kai musu tare da bayanin cewa magani ne ya kawo shi bayan haila ta ɗauke. Akwai kuma robar mahaifa mai ɗauke da sinadari na biyun, irin wadda ake sakawa a sashen tazarar haihuwa. Nau'in da ya dace yana kare mahaifa har shekara 5, sai mace ta ɗora istirojin kawai a kai. Ki tambaya ko suna da ita.

Maƙwabciyarki ba ƙarya ta ji ba, rabin magana ta ji. A shekarar 2002 aka dakatar da wani babban bincike a Amurka mai mata fiye da 16,000, saboda an ga masu shan sinadaran biyu sun ɗan fi samun sankarar mama, gudan jini a jijiya da shanyewar ɓarin jiki. Labari ya karaɗe duniya, mata suka watsar da maganin, likitoci ma suka riƙa jin tsoron rubuta shi. Da ƙura ta lafa aka koma kan alƙaluman. Matan da aka yi binciken a kansu matsakaicin shekarunsu 63 ne, da yawansu sun fi shekara goma da ɗaukewar al'ada kafin su fara sha. Ƙarin sankarar maman kuma mace 8 ne cikin 10,000 a shekara. Wato in mata dubu suka sha shi shekara guda, ƙarin bai kai mace ɗaya ba. Haɗarin yana nan, yana kuma ƙaruwa in an daɗe ana sha, ba zan ɓoye miki ba. A ɗaya ɓangaren binciken, inda aka ba matan da ba su da mahaifa istirojin kaɗai, ba a ga wannan ƙarin ba. Matsayar manyan ƙungiyoyin likitocin mata a yau ita ce, macen da ba ta kai 60 ba, ko ba ta wuce shekara 10 da ɗaukewar al'ada ba, in alamomin sun dame ta kuma babu abin da ya hana, amfanin ya rinjayi haɗarin.

Mu a nan, matan da sankarar mama ke ɗauke mana, kaɗan ne cikinsu suka taɓa jin sunan HRT. Ƙullutu ake ji a nono a ɓoye, a yi ta shafe-shafe har ya fashe sannan a nemi motar asibiti. Da mai shan magani da wadda ba ta sha, kowa ta riƙa laluba nononta da hammatarta sau ɗaya a wata wajen wanka.

Akwai waɗanda ba a ba su HRT na jiki duka, wato na ƙwaya, filasta ko na shafawa: wadda ta taɓa yin sankarar mama ko ta mahaifa, wadda jini ya taɓa daskare mata a ƙafa ko huhu, wadda ta taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya mai tsanani, mai ciwon hanta da ke ci, da mai zubar jinin da ba a san dalilinsa ba. In akwai wadda ta yi sankarar mama a cikin mahaifiyarki ko 'yan'uwanki mata, ki faɗa wa likita, ba lallai ya hana ba amma yana shiga lissafi.

Sai hawan jinin. Wanda aka shawo kansa ba ya hana HRT. Wanda ake shan maganinsa in an samu yana hanawa. Hawan jini ba ya sallama, mace za ta ji garau tana daka tana surfe alhali yana can yana cin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ƙoda. Maganinsa ba irin na ciwon kai ba ne da za a sha in an ji ciwo, na kullum ne, da lafiya da babu. Tun kafin ki tafi babban asibiti ki je na sha-ka-tafi mafi kusa da ku, a auna ki sau biyu ko uku a ranaku daban-daban, a rubuta miki a takarda da kwanan wata. Abin da ake so shi ne ya sauka ƙasa da 140 bisa 90. Ki rage gishiri da ɗanɗanon miya, ki sassauta wa goro. Da kuɗi za su gaza a ce in zaɓa miki ɗaya tsakanin maganin hawan jini da HRT, na hawan jinin zan zaɓa, ba sai na yi dogon tunani ba.

Hawan jinin ne kuma zai sa likita ya fi son ba ki na fata. Ƙwaya sai ta bi ta hanta kafin ta shiga jini, a can take ƙara abubuwan da ke sa jini daskarewa. Filasta da na shafawa ta fata suke shiga kai tsaye, a adadin da aka saba bayarwa ba su da wannan ƙarin haɗarin gudan jinin. Don haka mai hawan jini, mai ƙiba, da mai ciwon kan ɓari ɗaya, na fata aka fi so musu. Matsalarsu biyu a wajenmu. Ba a ko'ina ake samunsu ba sai manyan shagunan magani na birni, sannan filasta ba ta shiri da gumin bazara, takan ɓalle. Saboda haka kada ki fito daga ɗakin likita ba ki yi wannan tambayar ba: "Wanne zan iya samu duk wata ba yankewa, kuma nawa ne?" Gara wanda za ki iya riƙewa da wanda za ki yi wata biyu ya yanke, zafin ya dawo sabo. A nan ne ƙanwarki za ta yi rana. Bayan likita ya rubuta, ita za ta saya a shagon magani mai rajista, ta duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ta ba direban garinku ya kawo. In ya zo a ajiye shi a inuwa, ba a taga ba, ba kusa da kwanon rufi ba.

Wani abu da mace Musulma za ta so ta sani: ɗaya daga tsofaffin nau'o'in maganin, Premarin, daga fitsarin goɗiya mai ciki ake tace shi. Wadda zuciyarta ba ta kwanta da shi ba ta faɗa, akwai nau'in istirojin mai suna istiradiyol da ake haɗawa daga tsirrai, waken suya da wani nau'in doya. A masana'anta ake juya shi, cin doya ba ya ba da shi, kada wani mai talla ya ruɗe ki. Azumi kuma ba matsala, tunda sau ɗaya ake sha a yini sai a mayar da shi bayan buɗa-baki.

Yanzu abin da kika ce ya fi damunki, wanda kika sa shi a tsakiyar saƙo murya ƙasa-ƙasa. Yaya, ba ke kaɗai ba ce, kuma shi ne ya fi sauƙin magani. Fatar cikin gaban mace da ta hanyar fitsari da istirojin suke rayuwa. Da ya ragu sai fatar ta yi siriri, ta bushe, ta daina miƙewa, guga kaɗan ta tsage. Daga nan ne zafin saduwa, ƙaiƙayi, zafin fitsari, yawan tashi fitsari da dare, da "sanyin" nan da ake ta shan maganinsa ba ya ji. Zafi da gumi wata rana da kansu za su tafi. Wannan kuwa in ba a yi masa magani ba gaba yake yi.

Maganinsa istirojin ne na matsi, ko kirim ko 'yar ƙwaya, yawanci kullum da dare na makonni biyu zuwa uku, daga nan sau biyu a mako. Abin da ke shiga jini daga cikinsa kaɗan ne ƙwarai. Shi ya sa ba ya buƙatar sinadari na biyu, hawan jininki ba ya hana shi, kuma ana iya daɗewa ana amfani da shi. Ko da likita ya ce na jiki duka bai dace da ke ba, ko ya ce a jira jininki ya sauka, ki tambaye shi wannan daban, kada ki bari a haɗa su a kwando ɗaya. Wadda ta taɓa yin sankarar mama ce sai da shawarar likitan da ke duba ta. Yakan ɗauki makonni kafin a ji sauƙi, wani lokaci har wata uku, kada ki yanke ƙauna a mako na biyu. Kafin nan akwai man santsi mai ruwa-ruwa irin K-Y Jelly, shi wannan ana saye a kemis ba sai da takardar likita ba, a shafa lokacin kwanciya. Ba man zafi ba, ba mai mai turare ba.

Na san kafin ki turo saƙon nan an kawo miki tallar haɗi har ɗaki. Na ci da na sha, irin su gumba, dakan riɗi da dabino, kankana da madara, abinci ne galibinsu, in kin san abin da aka zuba kuma ba ki da ciwon sukari. Na matsin ne nake ja miki kunne a kai. Alimun, ruwan bagaruwa da sauran abubuwan da ake cewa suna matse mace, aikinsu tsotse danshi ne. Fatar da ta riga ta bushe ta yi siriri in aka ƙara mata wannan, tsagewa za ta yi, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa. Haka wanke ciki da sabulu ko zuba Dettol a ruwan tsarki. Ruwa zalla ya isa, daga waje.

Maigida ba zai san abin da ba a faɗa masa ba. Shi abin da yake gani, ranar girki ta zo kin juya baya, ga amarya a gida, sai ya haɗa lissafinsa. Mutumin da kuka haifi tara tare ya wuce a ɓoye masa wannan. Ki samu lokacin da hankalinsa ke kwance, ba a shimfiɗa ba, ki ce masa: "Malam, ba ƙinka nake ba. Tunda jinina ya ɗauke jikina ya sauya, zafi nake ji sosai. An ce akwai magani a asibiti, ina so ka kai ni." In baki ya yi nauyi, ki nemi ya raka ki, ma'aikaciyar lafiya ta yi masa bayani a gabanki. Dama izinin fita da kuɗin mota daga wajensa za su fito. Mazan da ke karanta wannan shafin kuma, in uwargida ta kai waɗannan shekarun ta fara janyewa, a tambaye ta lafiya kafin a yanke mata hukunci. Gaggawa a shimfiɗa tana ƙara mata ciwo, kuma amaryar ma in da rai nan za ta zo.

Daga inda kike, ki fara da babban asibitin Ringim. In ana buƙatar likitan mata za su tura ki gaba, ko Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ko Kano, Asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala. Tunda kina da masauki a Kano, ni can zan ce ki nufa in an ba ki zaɓi. Za a auna jini da nauyi da sukari, a duba nono, a duba bakin mahaifa, wataƙila a yi hoton ciki, a kuma gwada hanta, don ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a ƙasar nan kuma da yawa ba su san suna ɗauke da shi ba. Kina da damar ki ce mace kike so ta duba ki. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In kika ce "jikina ne ke zafi" kika yi shiru, gwajin maleriya za a sake rubuta miki, ga layi a bayanki. Ki faɗa a jere: "Al'adata ta ɗauke wata 14. Zafi da gumi na taso min sau kaza a yini, ba na barci. Ina jin zafin saduwa. Ina da hawan jini, ga takardar awona. Ina so a duba ko HRT ya dace da ni, da kuma na matsi." Ki zuba duk magungunan da kike sha a leda ki tafi da su, har na gargajiya.

In an ɗora ki a kai, ana komawa bayan wata uku, daga nan sau ɗaya a shekara a sake duba ko a ci gaba, ko a rage, ko a tsaya. Babu wani adadin shekaru da aka yanke wa kowa. Nauyin nono, tashin zuciya, kumburin ciki da ɗan ciwon kai na farko-farko yawanci suna lafawa. Waɗanda ba a kwana da su a gida su ne ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, baki ya karkace ko hannu ya mutu, ido ya yi rawaya. A dakatar da maganin a tafi asibiti a ranar.

In kuma aka ce bai dace da ke ba, hanya ba ta ƙare ba. Akwai magungunan da ba sinadarin mata ba ne da ke rage zafin, wasu daga cikin magungunan damuwa a ƙaramin adadi, da gabapentin, duk da takardar likita. Ba su kai HRT ba amma suna taimakawa. A gida kuma ki koma kayan auduga, hijabin roba a bar wa 'yan mata. Da bazara ki kwana a tsakar gida cikin gidan sauro, kofin ruwan randa da mafici a gefen tabarma. Yaji mai yawa, shayi mai zafi da goron yamma suna tayar wa wasu matan da zafin, ki lura da naki jikin. Awara wasu na jin ɗan sauƙi da ita, ba wani mai yawa ba, amma abinci ce mai kyau. Don ƙashi kuma nono, miyar kuka, zogale, riɗi da ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu, sai zama a hantsi da tafiyar ƙafa.

Wannan kuma ki isar wa ƙawayenki da facalolinki. Duk macen da al'adarta ta ɗauke shekara guda sannan ta ga jini, ko ɗigo ne a zani, ko bayan saduwa ne, kada ta ce al'ada ce ta dawo ta ɗauki hutun salla ta yi shiru. Mafi yawan lokuta ba sankara ba ce, sau da yawa ma bushewar nan ce, amma alamar farko ta sankarar mahaifa ke nan, kuma in aka kama ta da wuri tana warkewa. A je asibiti cikin makon. Mai shan HRT ma in ɗigon ya wuce wata shida, ko ya yi yawa, ko ya tsaya ya sake dawowa, a koma a duba.

Allah ya ba ki lafiya, Yaya, ya daidaita tsakaninki da maigida.